Kular da Ta Toshe Kunnuwan Masaƙa

Ranar da maƙwabcinmu Mai Kunnuwa ya tara manaja da manyan masaƙa a ofishinsa don ya nuna musu mai laifi, mai shara ce ta gama da shi. Ta shigo da tsumma, ta ɗaga kular abincinsa daga kan taga za ta goge wurin, sai allon kwamfutar da ya yi ja tun sha biyun rana ya koma kore shar. Ta ajiye, ya koma ja.

Manaja ya ce, "Inna, sake ɗagawa mu gani."

Ta ɗaga. Kore.

Shi dai Mai Kunnuwa ɗan mai gyaran rediyo ne. Tun yana ƙarami yake kwance kayan mutane ya ɗaura, kullum sai ƙusa ɗaya ta yi saura. Da ya yi karatu mai zurfi sai ya koma bincike kan wasu ƴan na'urori kamar akwatin ashana. Ana liƙa su a jikin injina su riƙa jin zafi da girgiza, wannan ta gaya wa wannan ba tare da waya ba, har labari ya iso wurin uwarsu da ke kan tagarsa. Kunnuwa yake kiransu, sunan kuwa ya bi shi har unguwa.

Wata uku ke nan kullum da rana sai kunnuwan su kurumce. Ya auna, ya zana, ya rubuta rahoto shafi arba'in, ya ce injin mai waldan masaƙar ne ke tarwatsa saƙon. Har an gaya wa mai walda, mutum mai ƴaƴa shida, ya fara neman wani wurin. Ashe sha biyu daidai matar Mai Kunnuwa ke aiko masa da kularta ta ƙarfe, shi kuma ya dangwarar da ita a gaban uwar kunnuwan, sai ya ji yunwa ya kira mai waldan nan ya sauko da ita su ci tare.

Ba wanda ya yi dariya a ofishin, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Manaja ya miƙo masa rahoton da yatsu biyu ya fita.

Kwana uku bai leƙo ƙofar gida ba. Matarsa ta ce, "Maigida, in zubo a roba ne yau, ko ita ma tana da laifi?" Abin da ke nuƙurƙusarsa shi ne har yanzu sunan mai walda na kan takardar sallama, kuma da hannunsa ya kai shi can.

Rana ta huɗu ya je ya sa manaja ya soke takardar, sannan ya taka har rumfar walda, ya tsaya gaban ma'aikata yana murza hula.

"Yaya, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa, ya dube shi sama da ƙasa. "Na yafe, Malam. Amma duk wannan karatun, a ce mai shara ce za ta yi maka binciken?"

Mai Kunnuwa ya mayar da hularsa kai. "Ita da hannu ɗaya ta ɗaga kular ta ceci aikinka. Kai kullum da hannu biyu kake ɗaga ta, murfin kawai ka san buɗewa."