Na Laƙa wa Aljanu Laifin Ƙwaya, Na Kusa Rasa Ɗiyata

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan shafi, a kuma sakaya sunana, don akwai mutuncin wasu a cikin labarin, ba nawa ni kaɗai ba.

Lokacin da abin ya faru shekarata ashirin da huɗu, ina aure a Ƙofar Sauri a nan Katsina, da ɗiya ɗaya a goye. Maigidana yana sayar da atamfa da shadda a Babbar Kasuwa, ni kuma lalle nake yi wa amare. Ba yabon kai ba, na iya. Hannuna ba ya rawa, zanena ba ya caɓewa, har takan kai a ɗaga ranar ƙunshin amarya don a same ni. Hakan ya sa mini girman kai da kaifin baki. Idan ana hirar matan da ke shaye-shaye, ni ce kan gaba wajen cewa ai rashin tarbiyya ne. Ban san ina haƙa wa kaina rami ba.

Ciwon baya ne mafarin komai. Tun da na haihu bayana bai koma daidai ba, ga shi aikin lalle na durƙuso ne, daga hantsi har la'asar kana sunkuye a kan ƙafar mutum. Wata rana a gidan biki na kasa miƙewa, sai wata ƙawar amarya ta buɗe jakarta ta ba ni kafso guda, ta ce maganin gajiya ne, duk masu aikin ƙarfi shi suke sha. Na haɗiye. Ciwon ya ɗauke kamar an zare ƙaya, na gama da mutum tara a ranar ina ta raha. Na tambaye ta sunansa ta ce tiramol, ta kuma kwatanta mini kemis ɗin da ba a tambayar takardar likita. Guda ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu. Daga baya aka koya mini zuba maganin tari mai kodin a robar lemo, ana miƙa shi a ɗakin amarya, iyaye suna tsakar gida ba su san wainar da ake toyawa ba. Ƙwayoyina a cikin gwangwanin garin lalle nake ɓoye su, don na san maigidana ba zai taɓa buɗe shi ba.

Abin da har yau ke sa ni kuka shi ne ina shayarwa a lokacin. Yarinyar ta zama mai yawan barci, ba ta rigima, kowa ya zo sai ya yaba, a ce na yi sa'ar ɗiya mai haƙuri. Ni ma ina washe baki ina amsa yabo.

Azumi ne ya fara tona ni. A ranar farko na rasa yadda zan yi in kai magariba, sai na haɗa ƙwayoyin yini guda na watsa baki gaba ɗaya lokacin sahur. Da hantsi ina cikin yi wa wata maƙwabciya zane, sai kawai na farka na gan ni kwance a tsakar gida, mata sun kewaye ni ana tofa mini addu'a. Aka ce na yanke jiki na faɗi, ina shure-shure, kumfa na fita a bakina. Kafin in buɗe baki, wata tsohuwa ta riga ta yanke hukunci cewa iska ce, wai mai shiga gidaje barkatai da ƙamshi a jiki ba ta rasa gamo. Innata ta iso a ruɗe ta amince. Ni kuwa na san abin da na haɗiya, amma na yi gum. Na auna na ga mai aljanu tausayinta ake ji, 'yar ƙwaya kuwa tofin Allah tsine ake yi mata, sai na zaɓi aljanu.

Aka samo malami, bawan Allah mai tsoron Allah, yana zuwa bayan la'asar ya yi mini ruƙiyya. Daidai lokacin nan ƙwayar kan sake ni, jikina na kyarma, zufa na karyo mini, hamma da hawaye ba iyaka, ƙasusuwana kamar ana sara. Kowa ya gani sai ya ce ga su nan sun taso. Da an kira magariba in sha ruwa, in faki ido in shiga ɗaki wurin gwangwanina, in fito garau ina dariya. Sai a ce karatu ya ci su. Haka na mai da malami da Innata da mijina abin wasa wata guda cur, ana ta ƙona turare da habbatus sauda saboda ni.

Bayan Sallah lokacin yaye ya yi, aka kai yarinyar wurin Hajiya, mahaifiyar maigidana, can cikin gari, kamar yadda aka saba. Na ɗauka 'yan makonni ne a maido ta. Wata ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, shiru. A tsakanin nan na sake faɗuwa sau biyu, ɗaya ma kusa da murhu. Sai Hajiya ta aiko ta bakin ɗanta cewa yarinya za ta zauna wurinta har sai iskokina sun rabu da ni, don ba za ta bar jikarta hannun wadda ke iya faɗawa wuta da ita ba. Ban ga laifinta ba. Kuma ban isa in yi magana ba, don yarinyar 'yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa don kunya, balle in je gaban surukata in ce a ba ni ɗiyata. Ranar da na je gaishe da Hajiya bayan wata biyar, na miƙa wa yarinyar hannu, ta ruga ta ɓuya a bayan kakarta tana leƙena. Da ta saki jiki kaɗan, Anti ta kira ni. Na yi dariya tare da mutanen gidan, na dawo gida na rufe ɗaki na yi kuka mai isata. A ranar na gane tarkon da na ɗana wa kaina: aljanin da babu shi ba ya fita, don haka ɗiyata ba ta da ranar dawowa.

Na yi ƙoƙarin dainawa ni kaɗai har sau uku, ban taɓa wuce kwana biyu ba.

Taimako ya zo ta inda ban zata ba. Cikina ya matsa mini da ciwo, maigidana ya kai ni asibiti. Ina zaune a layi sai wata ma'aikaciyar lafiya, dattijuwa mai farin gilashi, ta zauna kusa da ni ta gaishe ni a mutunce. Ta ce suna wani bincike ne a kan yadda mata ke amfani da magungunan ciwo da na tari, ba a rubuta suna ko unguwa, kuma in ban so ba babu dole. Jin ba a rubuta suna ya sa na bi ta wani ɗan ofis. Ta tambaye ni ko akwai maganin da nake sha kullum ba da umarnin likita ba, ko sai na ƙara yawansa kafin ya yi mini aiki, ko na taɓa son bari na kasa, ko ina ɓoye shi, ko ya taɓa raba ni da wani abu da nake so. Kowace tambaya kamar a gidana ta kwana. Da ta zo ta ƙarshe, sai hawaye. Ta ajiye biro ta jira ni, sannan na zazzage mata komai, har da gwangwani da malami.

Ba ta zare ido ba, ba ta yi salati ba. Ta ce abin da masu bincike suka daɗe da ganowa shi ne wannan ciwo ne da ke kama ƙwaƙwalwa, kuma yana da magani. Ta ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma nawa bangon ya tsage ne ta ciwon bayan da ban kai asibiti ba, da ƙawayen da ke miƙa mini, da kemis mai sayarwa ba tambaya, sai kuma ɓoyo da ya rufe komai. Ta ce faɗuwar da nake yi aikin ƙwayar ne idan ta yi yawa, kyarmar la'asar kuma jiki ne ke neman abin da ya saba. Ta gargaɗe ni kada in sake yankewa lokaci guda ni kaɗai. Ta rubuta mini takarda zuwa ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa, na ce mata ai can wurin mahaukata ne. Ta yi murmushi ta ce wadda ta yarda a kira ta mai aljanu shekara guda, me zai ba ta tsoro a ganin likita. Sharaɗinta ɗaya, in zo da wani daga gida.

A hanyar komawa na gaya wa maigidana. Kwana biyu yana fushi da ni, abincina ma a rufe yake barinsa. A na uku ya fito da safe ya ce in ɗauko mayafina, ya bar wa ƙaninsa shago. Likita ya tsara mini yadda za a riƙa rage maganin sannu a hankali, aka ba ni abin da zai sassauta wahalar, aka haɗa ni da mai ba da shawara duk mako. Aka duba bayana aka koya mini motsa jiki, maigidana kuma ya sa kafinta ya yi mini benci mai tsawo da amarya za ta ɗora ƙafa, na daina durƙuso. Makonnin farko na sha wuya, ba zan ɓoye ba. A wata na uku na zame sau ɗaya a wani gidan biki, robar lemo ta zagayo na kurɓa. Washegari da ƙafata na je na faɗa wa likita. Ya ce zamewa ba faɗuwa ba ce tunda na dawo, muka ɗora daga inda muka tsaya. Daga ranar na sa doka, amaryar da ke son lallena ta zo gidana.

Da na cika wata shida ban taɓa komai ba, maigidana ya kawo shawara mai sauƙi. Ya ce mu je mu ce wa Hajiya aljanu sun fita, a ba mu yarinya, asiri a rufe. Na kwana biyu ina juya maganar, don ta yi mini daɗi ƙwarai. Amma na san ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ita ce ta raba ni da ɗiyata tun farko. Na shirya na tafi ni kaɗai, na durƙusa gaban Hajiya, na ce mata ban taɓa yin aljanu ba, ƙwaya nake sha, har da lokacin da nake shayar da jikarta. Na ce ina magani, ga katin asibitina. Sannan na aje kunyar 'yar fari gefe, na ce ina son ɗiyata.

Hajiya ta ci gaba da jan carbinta ba ta dube ni ba. Cewa ta yi na cuce su, na sa ta wata da watanni tana sadaka don a kori abin da babu shi. Ta faɗa mini maganganu masu zafi, kuma duk na cancance su. Daga ƙarshe ta tambaye ni yaushe zan koma asibiti. Da ranar ta zo kuwa ta riga ni shiryawa. Ta tsare likita da tambayoyi kamar alƙali, ta kuma sa aka duba yarinyar tsaf, aka ce lafiyarta lau. Wata biyu tana bi na duk ranar ganin likita. Wata Juma'a da hantsi ina tankaɗe garin lalle, sai na ji sallamarta a zaure. Ta shigo riƙe da hannun yarinyar, ƙullin kayanta a ɗaya hannun. Ta ce ga amanata nan, ita ta gaji da wankin fitsari. Ta tura ta gabana ta ce ta gaida uwarta.

Yau shekara huɗu ke nan ban haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba sai wadda likita ya rubuta. Na je na nemi gafarar malamin nan da Innata, duk sun yafe. Ɗiyata ta shiga makaranta, surutu kamar ta ari baki, rigima kuwa sai dai in gode wa Allah, don na san abin da shirunta na da yake nufi. Mata bakwai na raka asibitin nan da kaina, duk a kan bencin lalle suka fara gaya mini, don yanzu ba na ɓoye labarina ga wadda na ga alama a idonta.

Abin da na koya shi ne ƙwayar ta cuce ni, amma ɓoyon ya fi ta cuta. 'Yan'uwana mata, kada ku karɓi maganin gajiya daga jakar kowa, ciwo idan ya daɗe a kai shi asibiti. Iyaye, ku riƙa leƙa ɗakin amarya ranar biki. Idan 'yarku ta faɗi ku yi mata addu'a, addu'a takobin mumini ce, amma ku haɗa da likita, ku kuma tambaye ta cikin lallami abin da take sha. Ke kuma da kike karanta wannan kina da naki gwangwanin a ɗaki, na san tsoron da ke ranki, na kwana da shi. Kunyar faɗa ta yini ɗaya ce. Ni da na rufe baki, sai da ɗiyar da na haifa ta kira ni Anti.