Muryar da ke Cikin Kwamfutar Baba Tafireta

Shekara talatin da ɗaya Baba Tafireta ya yi yana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar bene, daura da kotu. Tafiretar ta daɗe da mutuwa, sunan ne ya maƙale masa. 'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata, ita ta kawo masa kwamfuta ta koya masa, tana dariyar yadda yake dukan madannai kamar mai sassaƙa. Har muryarta ta naɗa ta saka a ciki, duk safiya in ya kunna sai ta ce, "Baba, ka sha maganinka?" Shi kuma ya amsa, "Na sha, sarkin sa ido."

Bara waccan ciwon ƙoda ya ɗauke ta. Bai fasa amsawa ba.

Sannu a hankali kwamfutar ta daina buɗe shafukan cike takardun neman aiki, masu zuwa suka fara wuce shagon. Ƙaninsa ya raka shi wurin wata mai gyara a bayan kasuwa. Ta duba, ta ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ce ta tsufa, sai an sa sabuwa.

"Sai dai Baba, ramukan filashin duk sun mutu, wurin faifan ma ba ya buɗuwa."

"To, ita ma ta bi tafireta ke nan?"

"A'a, akwai dabara. Zan yanki sashe a rumbun ajiyarta, in sauko da sabuwar daga intanet in ajiye a can, kwamfutar ta tashi daga cikinta. Me kake so in tsare maka?"

"Takardun mutane," ya ce. "Amana ce."

Ta kwashe su tsaf ta adana. Muryar ba ta faɗo masa a rai ba, don a zatonsa a jikin ƙarfen take, kamar lasifika.

Da aka gama, kwamfutar ta kunnu da wani ɗan kiɗa. Baba ya jira.

"'Yata, ba ta yi magana ba."

"Wa, Baba?"

Ya gaya mata. Kwana biyu mai gyaran ta yi tana lalube, har ta kira waɗanda suka fi ta sani. Sabuwar manhajar ta riga ta hau daidai inda muryar take, ta shafe ta.

"Da na tambaye ka da kyau," ta ce, idonta ya ciko.

"Kin tambaya, 'yata. Ni ne ban faɗa ba."

Ya ɗauki kwamfutarsa ya koma shago. Aiki ya dawo, har ya fi da.

Ƙaninsa ya bi wayoyin dangi yana neman muryar marigayiyar. A wayar mijinta aka samu wani bidiyo na daƙiƙa tara, tana bayan kyamara tana ce wa wani ya matsa gefe. Baba ya saurara sau ɗaya, ya miƙa wa surukinsa wayar. Ya ce ba da shi take magana ba.