Fanshon da Bai Ishi Mutum Biyu Ba

Ku matso kusa, 'yan'uwa, in ba ku labarin da ko maƙwabtana ban taɓa ba su ba. A lokacin ni matar gida ce a unguwar Limancin Kona, karatuna bai wuce na allo ba, ko Ƙofar Gayan da ke bakin ganuwar garinmu sai da dalili nake kaiwa. Malam, maigidana, ya yi ritaya daga aikin duba tikiti a jirgin ƙasa, muna lallaɓa rayuwa da ɗan fanshonsa. 'Yarmu tilo tana aure a Masar, inda mijinta yake koyarwa, sai ciwo ya kwantar da ita bayan haihuwa, ba mai ko ɗaukar mata jaririn.

Malam ya tafi Legas nemo mana izinin dogon zama a Masar. Ya dawo ya ce ofishin jakadanci suna son shaidar cewa fanshon zai riƙe mu a can, kuma da suka duba sun ce mutum ɗaya kawai zai ɗauka. Ni da gaggawata na ruga wurin yayana mai sayar da hatsi, muka shirya zai riƙa zuba kuɗi a asusun Malam na banki don a ɗauka duk fansho ne, in biza ta fito a mayar masa. Na dawo da murnata, har ina cewa ai kowa haka yake yi. Malam bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi duk tsawon aikinsa bai taɓa shigar da fasinja ba tikiti ba, ba zai fara da matarsa ba. Na fashe da kuka, na ce ya fi son gaskiyarsa a kan 'yarsa. Wallahi har yau maganar nan tana cin raina.

Kotu ya tafi ya yi rantsuwa, ya sallama min fanshon gaba ɗaya, ya ce mai jego uwa take nema, ba tsoho ba. Mutumin da ko shayi bai iya dafawa ba! Aka ba ni biza ni kaɗai, na tafi, na yi jinya har yarinya ta miƙe. Sai da na dawo maƙwabta suke gaya min noma ya koma a bayan ganuwa, koko da ƙosai ne abincinsa, alhali duk saƙon da yake aiko min cewa yake har ƙiba ya yi.

Ni dai na koyi riƙe bakina. Mata, in maigida ya ƙi wata dabara taku, kada ku yi saurin cewa ba ya ƙauna, ku jira ku ga abin da zai yi. Ke da kike saurare, da ke ce, da wane baki za ki nemi gafarar irin wannan mutum?