Koren da na taɓa

Bazara ce, an gama cirar albasa, zafi ya hana kowa sakat. Shekarar nan duk abin da na sani sai da anka sake mishi kama, har telefon ɗina.

Ɗiyata ta fari tana aikin ordinater, wato kwamfuta, a Madawa. Su huɗu ne a biro, ofishinsu ke nan, suna gina wani abu cikin telefon da zai gaya ma matan garka, masu noman rani, lokacin ban ruwa. Wata Laraba ta aiko mai moto, wato babur, ya ɗauko ni daga Tama, wai in gwada musu, tunda na yi yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi a hankali.

Ta zaunar da ni tana bayani. Ta ce kayan da suke gina aikin da su za a fito da sabbi, an ba su su fara gani. Da can, in an samu kuskure sai a rubuta a takarda. Sabon shi ke riƙe komi: wa ya gyara mi, yaushe, wa ya gwada. Ni dai ina ɗaga kai. Ta ce kuma in mai gwadawa ya taɓa maɓalli kore, alamar ya yarda, aikin ya wuce gaba da kanshi, ba a sake tambayar kowa. Wannan ma na ɗaga kai.

Anka miƙo mini telefon. Na ga hoton rijiya, na taɓa, sai ga kwanon awo. Na koma baya, rijiyar ta ɓace. Wata murya ta yi magana da Hausar da ba tamu ba. Ban gane komi ba.

Shugabansu yana tsaye bisa kaina. Ya ce, "To Inna, ya yi?"

Wace uwa ce za ta kushe aikin ɗiyarta gaban mai gidan aikinta? Na ce, "Ya yi, Allah shi yi albarka." Na taɓa kore.

Sunka yi tafi. Ɗiyata ta ce, "Inna, kin fi mu sauri! Jibi matan Tama za su same shi."

Bisa moto, hanyar gida, maganar ta dawo mini: ba a sake tambayar kowa. Ke nan abin ya rubuta cewa ni na ce ya yi. Maƙwabtana za su nemi rijiyar nan su rasa, su ce aikin ɗiyar wance ne. Na rasa ko kunyar da na ji mata taimako ce ko cuta.

Da safe na kira ta. Ban iya faɗin sunanta, sai na ce, "Ke, abin nan naku yana da ja?"

Ta ce, "Akwai, Inna."

Na ce, "To turo mai moto. Amma shugaban naku ya fita waje tukuna."