Baba Mai Kujeru da Tambayar Farko

Ƙarfe bakwai na safe Baba Mai Kujeru yake buɗe zauren nunin zane-zane. Ya share, ya goge gilasai, in ranar jawabi ce ya jera kujeru sittin, ya hura makirfo sau biyu. Shekara ashirin da shida ke nan, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Ni dai gaskiya sanyin na'ura ne ya fara kai ni wurin, sai kuma ganin wa ya zo da wa. A haka na gano ainihin aikinsa. Idan mai zane ya gama bayani aka ce, "Akwai mai tambaya?" sai wuri ya yi tsit, masu manyan tabarau kowa ya hau latsa waya. To daga can baya sai Baba ya ɗaga hannu.

Bara jikata ta yi nuninta na farko, tsofaffin mayafai ta harhaɗa ta yi musu fenti. Ubanta, wato ɗana, ya ce in ba wanda ya kula, ta tattara ta koma tsaron shagonsa. Ta yi bayani. Aka nemi tambaya. Shiru. Ɗana har ya zaro makullin mota.

Baba ya miƙe. "'Yata, kwana tara ina shara gaban wancan shuɗin. Akwai ƙuna a gefensa, ba ki rufe ba. Mantuwa ce?"

"A'a Baba, mayafin mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta. Tana koya mini girki ya ƙone."

Ɗana ya mayar da makulli aljihu. Bayan nan hannu bakwai na ƙirga a sama. A mota ya ce mata, "Shagon ai ba gudu zai yi ba."

Baba, kai ne mai buɗe bakin zaure. Ka tuna na tare ka na ce, "Tsoho, haɗa baki kuka yi da jikata?" Ka ce, "Hajiya, ke mutane kike kallo, ni bango nake kallo." Na ji zafi, amma gaskiyarka.

Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu tabarau, ku riƙa zuwa da wuri kuna kallon bango kamar yadda yake yi. In ba haka ba, ranar da aka sake yin shiru ni zan ɗaga hannu, kuma kun san bakina.