Jijiyar da Na Gani a Wuyan Malam

Abin da idona ya fara kamawa a jikin mijina ranar da na sauka Riyad shi ne wata jijiya a gefen wuyansa. Na fito ta ƙofar masu isowa a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid ina jan akwati, sai ga shi tsaye cikin farar jallabiya, jijiyar nan ta yi ruɗu-ruɗu tana harbawa. Ya karɓi akwatin, amma kafin mu kai mota sai da ya tsaya ya dafa ginshiƙi yana mayar da numfashi. Ni kuwa daɗi ya kama ni. Da littattafan soyayya na tashi, waɗanda muke haya muna ɓoyewa cikin hijabi, kuma a cikinsu duk namijin da ya hango abar ƙaunarsa sai numfashinsa ya sarƙe. Na ce a raina, ashe haka Malam ya yi kewata.

Direba ne a gidan wani Balarabe, shi ne kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, kuma shi ya tsaya har aka samo mini iƙama, takardar izinin zama, bayan aurenmu. Muka zauna a ɗaki da falo a Al-Suwaidi, saman wani shagon sayar da turare. Malam mutum ne mai dogon sujada. Akwai baƙin tabo a goshinsa wanda nake so fiye da duk kalaman da ya taɓa rubuto mini.

A hankali na lura sujadar ta fara gajarta. Da ya kai goshi ƙasa sai ya ɗago da sauri yana tari. Barcin rana ma a zaune yake yi, ya jingina da bango. In ya cire safa sai ka ga ta bar zobe a ƙwaurinsa. Wata rana bayan la'asar ya kasa tashi daga kan darduma, leɓɓansa suka yi duhu. Maƙwabcinmu ɗan Nijar ne ya ɗauke mu zuwa asibiti.

Allah ya haɗa mu da wata likita 'yar Sudan, jikar alhazanmu da suka yada zango a can tun zamanin tafiyar ƙasa, Hausarta tangaram in ban da ɗan karin harshe. Bayan gwaje-gwaje ta kira ni gefen gado, ta dunƙule hannunta ta ce, "Ƙanwata, ga girman zuciya. Famfo ce mai ɓangare biyu. Na dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, na hagu ya karɓa ya watsa wa jiki. Hawan jini ya daɗe yana gajiyar da na hagun mijinki. Jini yana zuwa, ba ya wucewa duka, sai ya taru a baya, ruwansa ya tsattsafo cikin huhu. In ya kwanta ko ya sunkuya, ruwan da ke ƙafafu da ciki sai ya koma ƙirji. Shi ya sa sujada take shaƙe shi."

Na ce, "Jijiyar wuyan fa, likita?"

Ta ce, "Jinin da ya rasa hanya ne yake jiran layi."

Ban ji haushin littattafaina ba, sai dai na ga sun tsaya a bakin ƙofa, likita ce ta shigar da ni cikin ɗakin zuciyar. Ta rubuta magunguna, ciki har da ƙwayar da ke fitar da ruwa ta fitsari. Ta hana gishiri. Ta ce ya riƙa sallah a kan kujera har sai ruwan ya janye. Da Malam ya ji zancen kujera sai ya juya fuska bango.

Ranar da muka dawo gida na tattara gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa na miƙa wa matar maƙwabcinmu. Na shiga kasuwar Utaiƙa na sayo citta, tafarnuwa, da busasshen lemon nan baƙi da Larabawa ke jefawa a shinkafa. Na fito da daddawar da na zo da ita daga gida. Miyar farko da ya ɗanɗana ya ajiye cokali ya ce, "Amarya, wannan miya ce ko ruwan alwala?"

Na ce, "Ci dai, Malam. A littafi ma jarumi yakan sha wuya kafin babin ƙarshe."

"Wane jarumi kika taɓa karantawa yana sallah a kujerar roba?"

"Kai ne na farko. Ni zan rubuta."

Ya yi dariya har tari ya taso, ya ɗauki cokalin.

Da farko ƙafafun suka saɓe. Bayan ya koma aiki sai zoben safa ya dawo, jijiyar wuya ta sake tashi. Na zargi gishirin kabsa, shinkafar da yake ci a gidan kafil, na fara haɗa masa abinci a kula. Bai canza ba. Sai wata rana ina wanke jallabiyarsa na ji abu a aljihu: ƙwayoyin fitar da ruwa ne, sun jiƙe sun narke. Da ya dawo na ajiye masa rigar a gabansa.

Ya duba aljihun rigar. Can ya ce, "Amarya, tun ina saurayi ban yarda in zauna ba alwala ba. Da alwalar azahar nake la'asar. Ƙwayar nan kuwa, da na sha sai bayan gida. Ga yaran kafil a mota, ga cunkoson hanyar filin jirgi, ina zan tsaya? An raba ni da sujada, yanzu kuma a raba ni da alwala?"

Na ce, "Malam, alwala ana sakewa. Ƙwayar nan ita ce za ta mayar da goshinka ƙasa. Ka zaɓa."

Ya ce, "Ke dai ba a cin ki a magana."

Ban tsaya nan ba. Na koma wurin likita na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba, ta ce ba shi ne na farko ba. Ta tambayi yadda aikinsa yake, ta ce ya riƙa shan ƙwayar da zarar ya idar da sallar asuba, domin ƙarfinta ya wuce kafin ya fita. Shi kuma na matsa masa ya roƙi kafil a ba wani direban kai yara makaranta, shi ya riƙe ɗaukowa. Kunya ta so hana shi, na ce in bai je ba ni zan je wurin matar kafil da guntun Larabcina. Ya je. Kafil ya ce, "Halas," wato shi ke nan, ya yarda, magana ta ƙare.

Daga nan kullum da asuba ina tsaye da kofin ruwa, ba na motsawa sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. In ya dawo da yamma na danna ƙwaurinsa da babban yatsa in ga ko zai lotsa. Yakan ce ya auri amarya ya tashi da ma'aikaciyar asibiti. Da la'asar mukan taka a hankali har ƙarshen layin shaguna mu dawo, ina sauraron numfashinsa kamar yadda a da nake sauraron kalaman soyayya.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Wata Juma'a da hantsi na fito daga kicin na tarar ya ture kujerar gefe yana nafila. Ya yi ruku'u, ya sauka, goshinsa ya taɓa darduma. Na tsaya da ludayi a hannu ina jiran tarin. Bai zo ba. Bayansa yana hawa yana sauka a natse, har miyata ta kama.

Shekaru sun shuɗe. Zuciyar Malam ba ta koma sabuwa ba, kuma likita ba ta taɓa yi mana wannan alkawarin ba. Ya bar tuƙi, yanzu yana taya wani ɗan garinmu tsaron shagon dabino a Utaiƙa. Yana hawa bene a hankali, yana shan ƙwayarsa ba sai an tsaya a kansa ba, yana sake alwala sau nawa ma ba ya ƙirgawa. Kujerar robar ya kai ta masallacin layinmu, tsofaffi na amfani da ita. Tabon goshinsa da ya dusashe ya dawo baƙi kamar da.