Kara Ta Kwantar Da Ni A Ƙasar Mutane

Lokacin da abin ya faru ina ɗaliba a jami'a, yarinya marar magana wadda ta fi sabawa da littafi a kan mutane. A Madarunfa aka haife ni, gidanmu ba nisa da tabki, kuma ko a gida in baƙi suka zo ɗaki nake shigewa. Da bakans, wato dogon hutu, ta zo, wata ƙungiya ta nemi ɗalibai masu aikin sa kai, su je wani ƙauye a arewacin Togo su koya wa yara karatu. Na ba da sunana, don a gaban allo ne kaɗai muryata ba ta rawa.

Gida ɗaya aka zuba mu, 'yan mata daga ƙasashe daban-daban, tukunyarmu ɗaya. Cunkoson kwana bai dame ni ba, haka layin wanka. Cin abinci ne ya kayar da ni. A gidanmu yaro ba ya kai hannu ga nama sai babba ya raba, kuma in an yi masa tayi yakan ce ya ƙoshi har sai an matsa masa. A can kuwa ana sauke faranti kowa zai faɗa masa. In aka kira ni na ce na ƙoshi, sai su ɗauka iyakar gaskiyata ke nan. In na zauna, loma kaɗan sai in tsame hannu, ina jiran wadda za ta ce in ƙara. Ba na ganin laifinsu, ba su san al'adarmu ba.

Wadda har gobe ba na ganinta da daraja 'yar ƙasarmu ce, Bahaushiya, ta girme ni, iyayenta 'yan kasuwar Ɗan Issa. Yaya nake ce mata. Ta san kara sarai, da ita aka raine ta, kuma ita ce babbar da ya kamata ta raba nama. Sai ta mai da gefena wurin zamanta, tana jawo rabona gabanta. Ta laƙaba mini Malama Tabarau. Ran da dattijuwar da ke mana girki ta tambayi abin da ya sa nake ramewa, a gabana ta ce mata kada ta damu, mutanen Madarunfa raƙuma ne, wannan kuma takarda take ci. Aka kwashe da dariya, ni ma don kunya na yi murmushi. Aikin kuwa Yaya ba ta riƙe alli sai in za a ɗauki hoto. Nan za ta gyara ɗankwali, ta sungumi ɗan mutane, ta miƙa wa wata salularta.

Na lallaɓa da shayi da ƙuli-ƙulin da innata ta ƙulla mini, har ya ƙare. Zazzaɓi ya same ni ba ni da ƙarfi. Wata safiya na faɗi a aji, daidai lokacin da yarana suka fara haɗa baƙaƙe suna karanta sunayensu. A likita, wato asibiti, aka yi mini ƙarin ruwa, aka ce jinina ya yi ƙasa, shugabar tawaga ta ce gida zan koma. Na roƙe ta da kuka ta bar ni in ƙarasa da yaran, ta ƙi. Yaya ta zo ta riƙe hannuna aka ɗauke mu hoto, tana gaya wa kowa tun ranar farko take fama da ƙanwarta ta ci abinci. Ita aka ba ajina. Daga baya na ji yaran sun watse.

Da na ba innata labari, sai ta ce kara bashi ce, wanda zai rama maka ake yi wa. Ban bar tarbiyyar gidanmu ba, amma na gane tana da muhalli. 'Yan'uwana ɗalibai, in tafiya irin wannan ta same ku, ku zauna ku ci, ku ɗauki namanku, in kuna jin yunwa ku buɗe baki ku faɗa. Baƙon da bai san kunyarku ba, kuna yi masa bayani zai gyara. Ku dai sa ido a kan na gida, wanda ya san ta kuma ya matso kusa da ku yana murmushi.